Tambayi Likita: Hawan jinin ciki ya taba min ido, zan makance ne?

Wannan karon sakonni sun taru a kan abu guda, ido da hawan jinin masu juna biyu, shi yasa na hada su waje daya. Masu tambaya a kan basir da gyambon ciki kuyi hakuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, sannu da kokari Allah ya saka da alheri. Dan Allah a boye sunana. Ni dai cikina na fari ne, ina wata takwas kafafuna suka kumbura har fuska, zobe ma sai da aka sa sabulu kafin ya fita, kowa na cewa ai haka cikin fari yake, sai kuma ciwon kai yazo wanda ko nasha farasitamol baya sauka, ranar da naje awo nas din ta gwada jinina tace 170 bisa 115 kuma wai akwai gishiri a fitsarina, a ranar suka rikeni washegari akai min tiyata aka ciro yarinya, tana nan lafiya Alhamdulillah. To matsalar kwana biyu da haihuwa na farka naga komai hazo hazo, fuskar jaririyata ma bana gani sosai, bakin kofa sai in ganshi a lankwashe. Likitan ido yazo ya diga min magani ya haska yace ruwa ne ya taru a bayan idon ya daga tantanin gani, duka biyun, amma wai ba za ai aiki ba in jira. Yau kwana tara kenan. Uwar mijina tace wane irin jira, a saida fili a kaini Misra, kawata kuma tace akwai wani mai magani da yake diga wani ruwa a ido. Likita tsakani da Allah zan makance ne suke boye min? Daga mai jego, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, barka da arziki, Allah ya raya ya dayyaba. Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, a iya abinda kika rubuta ban ga alamar ana boye miki komai ba, abinda likitan idon nan ya fada miki shine daidai, kuma filin nan a barshi a inda yake.

Ciwon da kika yi shine hawan jinin ciki, wanda a asibiti muke cewa firi-iklamsiya. Yana zuwa ne bayan ciki ya wuce sati 20, jini ya hau 140 bisa 90 ko sama, sannan koda ta fara yoyon furotin cikin fitsari, shine abinda mata suke cewa gishiri, ba gishirin miya bane. In ya kai 160 bisa 110 ya zama mai tsanani, kinga naki ya wuce nan. Tushen abin daga mabiya ne, wato uwar da jariri yake ci ta jikinta, in bata kafu da kyau a jikin mahaifa ba sai ta rika sakin wasu sinadarai cikin jini da suke sa kananan jijiyoyin jini na ko ina su tsuke kuma su rika yoyo, a koda, a hanta, a kwakwalwa, har da ido. Shi yasa maganinsa na karshe shine a raba mace da cikin, kuma shi yasa basu tsaya jiran nakuda ba suka shiga dake tiyata.

To yanzu idon. A can bayan kwayar ido daga ciki akwai wani siririn tantani da yake manne da bangon idon, shi yake daukar hoton duk abinda kika kalla ya mika wa kwakwalwa, sunansa ratina. A karkashinsa akwai shimfidar kananan jijiyoyin jini masu yawan gaske da suke ciyar dashi. Da jininki ya hau wadannan jijiyoyin suka tsuke, jini ya kasa isa wasu wuraren, shingen da yake hana ruwa ketarewa yayi rauni, sai ruwa ya tsattsafo ya kwanta tsakanin tantanin da bangon. Kin san yadda danshin damina yake shiga bayan fenti a bango ya taso dashi yayi bororo alhali fentin bai yage ba, to haka. Tantanin naki bai yage ba, dagawa yayi, kuma tunda ya daga ba a mike yake ba dole hoton da yake dauka ya fito a lankwashe, shine bakin kofar da kike gani a karkace. Yawanci ido biyun yake kamawa kamar yadda yayi miki, kuma yana iya bayyana kafin haihuwa ko a kwanakin farko bayanta. Ba kasafai yake faruwa ba, cikin mata dari masu hawan jinin ciki mai tsanani da kyar ki samu daya ko biyu, yafi yawa ga wadanda suka kai ga jijjiga ko wadanda ciwon ya taba musu hanta da kwayoyin daskarar da jini.

Dalilin da yasa ba a yin aiki shine babu abinda za a dinke ko a like. Da zarar an haihu, jinin ya sauka, jijiyoyin suka saki, idon da kansa yake tsotse ruwan tantanin ya koma ya kwanta. Wasu cikin sati daya ko biyu sun ware, wasu sai an kai wata biyu zuwa uku, kuma mafi yawa ganinsu yana dawowa yadda yake ko kusa da haka. Bazan ce miki kowa da kowa ba, akwai kalilan da ake barinsu da dan dishi dishi ko wasu 'yan tabo a bayan idon da likita yake gani in ya haska, amma makanta dungurungum daga wannan nau'in abu ne mai wuyar gaske. Ko Misra aka kaiki abinda zasu yi kenan, su gwada jini, su dauki hoton bayan ido, suce ki jira, sai dai kuyi jiran a otal da kudin fili. Ki gaida min Hajiya, na san kauna ce tasa ta fadi haka, ki nuna mata wannan amsar.

Maganar kawarki kuwa a'a, babbar murya. Ruwan yana can bayan ido inda babu wani abin digawa da yake kaiwa, abinda zai faru kawai shine a kona miki gaban idon da yake lafiyarsa kalau. Ba ruwan mai magani ba, ba nono ba, ba ruwan sikari ko na albasa ba, mun sha ganin idon da aka kawo ya zama fari fat da hakiya saboda irin wannan taimakon.

Aikinki yanzu shine jinin. Kisha maganin hawan jinin da aka sallameki dashi a kan lokaci, irin su nifedifin ko labetalol basa hana shayarwa, kar wata tace miki zai bata nono ki ajiye. A rika gwada jinin akai akai, in da hali ku sayi na'urar gwaji ta gida ko a rika zuwa kemis mafi kusa ana rubutawa a takarda da kwanan wata. Kar ki sayi maganin ciwon jiki irin su diklofenak ko ibufurofen da kanki, suna iya kara hawan jinin kuma su takura koda, ki tambayi likitanki tukuna. Ki koma wajen likitan ido ranar da ya baki ko da kinji sauki, in akwai na'urar hoton bayan ido da ake kira OCT zai nuna miki ruwan da idonki ki ga yadda yake raguwa. Kar kuma ki yanki tabarau yanzu, awon zai canza, asarar kudi ce. Amma in kika ga ganin yana kara lalacewa maimakon gyaruwa, ko ciwon kai mai tsanani ya dawo, ko ciwo a saman ciki wajen dama karkashin hakarkari, ko numfashi yana miki wuya in kin kwanta, to wannan ba na jiran ranar asibiti bane, a tafi a lokacin.

TAMBAYA: Salam likita. Matata tana da ciki wata bakwai, tun shekaranjiya take cewa tana ganin wasu taurari suna gilmawa kamar walkiya, wani lokacin kuma wani waje a ganinta sai yayi duhu, ga ciwon kai. Ranar awonta sai sati mai zuwa. Nace ko in kaita a gwada mata tabarau ne? Kuma wane maganin ido zan siyo mata kafin nan? Daga wani magidanci, Funtua.

AMSA: Malam, in kana karanta wannan kuma har yanzu tana gida, ka ajiye mujallar ka nemo mota. Na riga na baka amsa ta wayar da ka turo sakon, ina maimaitawa ne a nan saboda sauran magidanta. Mace mai ciki da ya wuce wata biyar tace tana ganin walkiya, ko taurari, ko abu biyu biyu, ko duhu a wani bangare, balle a hada da ciwon kai, wannan ba maganar shagon tabarau bace kuma ba maganar ranar awo bace, dakin haihuwa na babban asibiti za a nufa ko karfe biyun dare ne, a gwada jini a gwada fitsari, minti goma ya isa a san inda aka dosa. Idon ba shine mara lafiyar ba a nan, shi dai ya riga kowa kawo rahoto ne cewa jijiyoyin kwakwalwa suna cikin matsi, kuma abinda yake biyo bayan wannan rahoton sau da yawa shine jijjiga, wadda wasu suke cewa taune taune, mace ta sandare ta rika taune harshe, ita da abin cikin duka suna iya tafiya.

A asibiti abinda za ayi sananne ne, a saukar da jinin da magani, a yi mata allurar maganeziyam salfet mai hana jijjiga, a duba jini don ganin halin hanta da koda, a duba dan tayi, in ba a kai sati 34 ba ayi allurar da take nunar da huhun jariri, daga nan likitoci su yanke ko za a iya dan ja ko a ciro. Ita wannan allura ta maganeziyam ba sabuwa bace kuma ba tsada gareta ba, babban gwajin da aka yi a kan mata wajen dubu goma a kasashe 33 aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya nuna tana rage hadarin jijjiga da fiye da rabi. Tana sa mace taji zafi ya bi jikinta da kasala, wani lokacin har ganin ya dan kara dushewa na dan lokaci, kar wannan ya tsorata ku.

Abu daya da nake rokon maza, in akace sai an yi tiyata ko a tada nakuda kafin lokaci, kar a tsaya sai an kira kawu na kauye da yayan da yake Legas an yi shawara, takardar nan da ake mika maka kasa hannu wani lokacin awa daya ce tsakaninta da makara. Kuma ka bar sallahu a gida cewa in irin haka ta taso baka nan a fita da ita ba sai an jira izininka ba.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Kanwata ta haihu a gida lafiya, kwana hudu sai ta fadi tana jijjiga, da ta farfado tace bata ganin komai ko fitila aka haska mata, alhali idon garau yake a bude. Aka kaita asibiti, likitan ido ya duba yace shi bai ga komai a idon ba. Bayan kwana biyu gani ya dawo tas. Yanzu a gida an hakikance iska ce, tunda likita da bakinsa yace ba komai, har ana cewa a daina bata kwayoyin asibiti a cigaba da hayaki. Ni dai raina bai kwanta ba. Daga Yaya Babba, Azare.

AMSA: Yaya Babba ranki ya dade, kuma gara da ranki bai kwanta ba. Likitan yace ba komai a IDO, bai ce ba komai a kai ba. Ido daukar hoto kawai yake, wajen da ake fassara hoton har mutum ya san me yake kallo yana can keya, bayan kwakwalwa. Jijiyoyin jinin wannan wajen sun fi na ko ina saurin gazawa in jini yayi mummunan hawa farat daya, sai ruwa ya tsattsafo wajen ya kumbura, mutum ya daina gani alhali idonsa lafiya lau, in an haska fitila ma dan bakin tsakiyar idon yana tsukewa yadda ya saba. In akayi hoton kwakwalwa ana ganin kumburin. Da an saukar da jinin an bada maganeziyam sai kumburin ya sabe gani ya dawo, daga 'yan awoyi zuwa kamar sati guda. To kinga abinda ya dawo mata da gani shine kwayoyin da ake cewa a daina. Addu'a kam a cigaba da yi, ba wanda ya hana, amma hayaki a rufaffen daki ga mai jego mai hawan jini da jariri dan kwanaki, wannan kam a'a.

Mutane da yawa sun dauka da an haihu shikenan an tsallake, alhali hawan jinin ciki yana iya fara bayyana bayan haihuwa, yafi yawa a satin farko amma har zuwa sati shida ana samunsa, kusan dai tsawon kwana arba'in din jego. Kuma a daidai wannan lokacin ne muke dura wa mai jego kunun kanwa safe da yamma. Kanwa gishiri ce, tana rike ruwa a jiki tana kara hawan jini, ga wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta a karkashi, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yadda wadannan suke da hannu a ciwon zuciyar masu jego da yayi yawa a yankin. Ni bana fada da wankan jego, ayi shi da ruwa mai dumi daidai jiki, kunu kuma a dama na gyada ko na tsamiya, amma kanwar nan a dauke wa kanwarki ita gaba daya. Ki tsaya kai da fata a kan maganin, ki kuma kaita a sake gwada jinin cikin satin nan, in sun matsa kice likita ne yace.

TAMBAYA: Ni tun ina firamare nake sa tabarau mai kauri, bana ganin nesa. Yanzu ina da ciki wata shida, jinina lafiya. Wata a wajen aiki tace min masu irin idona in suka yi yunkurin haihuwa tantanin ido yana ballewa, dole sai tiyata. Gaskiya ne? Daga Malama, Zariya.

AMSA: Ba gaskiya bane Malama, yunkurin nakuda baya balle tantanin ido, kuma kaurin tabarau shi kadai ba dalilin yin tiyata bane. Amma akwai guntun gaskiya a maganar tata da ya kamata ki sani. Masu rashin ganin nesa mai yawa kwayar idonsu ta fi tsawo, tantanin ya fi siranta, don haka sun fi sauran mutane hadarin ya yage, da ciki ko babu ciki. Wannan shine daya nau'in, daban da na mai jegon Gusau, a nan akwai yagewa ta gaske, ruwan cikin ido yana bi ta kofar yana daga tantanin, kuma baya komawa da kansa, sai an like da wani hasken na'ura da ake kira leza in an kama shi da wuri ko ayi aiki, in aka yi sake har ya kai tsakiyar gani to abinda ya tafi ba lallai ya dawo ba. Yawanci ido daya yake kamawa, ba zafi ba ja, sai dai mutum yaga bakaken abubuwa kamar kudaje ko yanar gizo sun karu farat daya, da walkiya a gefe, sai kuma wani duhu kamar labule yana jawowa daga gefe guda. Wanda yaga haka kwana daya ma yayi yawa, kuma ba kowane asibiti ne yake da likitan bayan ido ba, a nufi manya irin Cibiyar Ido ta Kasa da ke Kaduna, ke kam ma kusa ce dake, ko asibitocin koyarwa. Shawarata kije yanzu tun kafin haihuwa a diga miki maganin bude ido a duba gefe gefen tantanin, in akwai wajen da yayi rauni a san abin yi. Ki tafi da dan rakiya don ganin zai yi dishi dishi na wasu awoyi. Sannan ke ma in kika ga walkiya da cikin nan, a fara gwada jini tukuna kafin a dora laifin a kan tabarau.

TAMBAYA: Na yi hawan jinin ciki a haihuwata ta fari har idona ya dushe na sati uku, yanzu shekara biyu, muna son kari amma tsoro nake. Zai dawo? Daga Maman Sadik, Maradi.

AMSA: Zai iya dawowa Maman Sadik, wadda ta taba yi ta fi wadda bata taba ba hadari, musamman in na farkon yazo da wuri ko yayi tsanani, amma da yawa suna yin ciki na biyu lafiya kalau. Kafin ki dauki cikin kije a gwada jini da fitsari da sikari, in kina kan maganin hawan jini irin lisinofuril a canza miki don baya tafiya da ciki. Da kin tabbatar da batan wata ki fara awo, kar ki jira sai ciki ya fito, ki fada musu abinda ya faru harda maganar idon, in katin wancan karon yana nan ki tafi dashi. Akan dora irinku a kan karamin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 kullum, a fara daga wajen sati 12 kuma anfi so kafin sati 16, shi yasa zuwa da wuri yake da muhimmanci, wadda tazo awon fari a wata shida ta riga ta wuce lokacin da yafi amfani. Ana kuma hadawa da kwayar kalsiyam ga matan da basa samun madara da nono sosai a abincinsu. Likita ne zai rubuta miki, ba asfirin din ciwon kai na tebur ba, wancan miligiram 300 ne. Kuma wannan karon haihuwa a asibiti, wanda yake da dakin tiyata da wajen karin jini, in za ki goyon ciki gida to ki fara tambaya ko akwai irinsa a kusa kafin ki hada kaya.